Ina shirin fara noman masara da kuɗin rance, ina neman shawara

Malamin Makaranta, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a nan Zariya, ina koyarwa, kuma tun bayan da aka cire tallafin man fetur a 2023 albashi ya daina kai ni ƙarshen wata. Ƙungiyarmu ta ma'aikata ta amince za ta ba ni rance, a riƙa cira daga albashina a hankali, ni kuwa na ƙudurta zuba kuɗin a noman masara a daminar da ke tafe. An yi mini hanyar gonar haya a wajen Soba, kimanin hekta 5, kuma wani mutumin ƙauyen ya ce zai tsaya mini a kan aikin, tunda ba zan samu zuwa ba sai Asabar da Lahadi.

Ban taɓa noma na kaina ba. Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne bayanan da nake gani a Facebook, inda ake nuna cewa hekta ɗaya tana iya ba da buhu 50 ko fiye, kuma da na buga lissafi a kan haka sai na ga ko rabinsa na samu zan biya rancen har in ga canji. Amma maiɗakina ba ta natsu da shirin ba, ta ce in tambayi waɗanda suka san abin tukuna. Don Allah masu sani su faɗa mini haɗarin da ke ciki wanda sabon shiga ba ya hangowa, kuma kada a ji nauyina.

Dattijon Dakace:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka wa maiɗakinka da alheri, domin ta hango abin da ya kamata a duba. A cikin bayaninka ba hekta 5 ce ta fi tayar mini da hankali ba, kuma ba rancen ba ne, maganar Asabar da Lahadi ce. Noman damina aiki ne na kwanaki ƙididdigaggu, kuma kwanakin nan ba su san ranar hutun ma'aikaci ba. Idan ruwan shuka ya sauka daren Litinin, ranar Talata ake so iri ya shiga ƙasa, kuma a ranar kowa a ƙauyen yana neman shanun huɗa da 'yan ƙodago. Mutumin da ka ce zai tsaya maka yana da tasa gonar, yana da iyalin da zai ciyar daga cikinta, saboda haka ko da ya kai kowa gaskiya, tasa zai fara yi, taka ta biyo baya. Wannan ba ha'inci ba ne, haka kowa zai yi. Jinkirin mako guda a shuka, da wani makon a noman farko, da wani a zuba taki, su ne suke haɗuwa su cinye ribar mutum ba tare da wani ya sace masa ko ƙwaya ɗaya ba.

To, balle kuma idan aka yi rashin sa'ar mutum. Na ga gonar wani ɗan birni da aka kai wa taki har bakin gona, masarar da ke gefen hanya ta yi kore shar, ganye har yana sheƙi, shi kuwa idan ya zo sai ya tsaya daga bakin mota ya duba ya yi hamdala ya juya. Sai da kaka ta zo aka ga tsakiyar gonar duk ta yi rawaya, karan bai wuce ƙugu ba, domin layukan bakin hanya kaɗai aka zuba wa takin, sauran ya bi wata hanya. Duk ranar da za a zuba taki ko a yi feshi, ka kasance a tsaye a wurin, a buɗe buhu a gabanka, kuma ka shiga gonar da ƙafarka har can ƙarshenta. Idan aikinka ba zai bar ka ka yi haka ba, to gonar ta yi maka nisa.

Sai batun ita gonar kanta. Ka tambayi kanka dalilin da ya sa mai ita ya yarda ya bayar da hekta 5 haya a yankin da kowa manomi ne. Wani lokaci buƙatar kuɗi ce kawai, wani lokaci kuma ƙasar ce ta gaji, ko ciyawar wuta-wuta ta mamaye ta, ko kuwa ruwa yana kwanciya a cikinta a watan Agusta. A rani ba za ka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin duk gonaki kamarsu ɗaya idan an share su. Maƙwabtan gonar su ne za su faɗa maka gaskiya, su ma sai ka zauna da su ba a gaban mai gonar ba. Ka bincika kuma ko gonar gado ce da ba a raba ba, domin sau da yawa ɗaya daga cikin magada ne yake karɓar kuɗin haya, sai shuka ta fito wani ɗan'uwansa ya bayyana ya ce bai san da maganar ba. Kada ka biya ko sisi sai a gaban mai unguwa ko dagaci, da shaidu, da takarda. Ka duba ko burtali ya ratsa kusa da ita, sannan ka tambayi halin tsaro na wurin a wannan shekarar, ba na bara ba, domin duk mun san yadda manoma da yawa a yankunan Giwa da Birnin Gwari suka bar gonakinsu ba don sun so ba.

Ma'aikacin Gona, Samaru:

Baba ya gama magana a kan tsayawa, ni zan taɓa lissafin ne, domin a nan na ga kuskuren ya fara. Malam, buhu 50 a hekta yana nufin tan 5 ke nan, idan buhun mai kilo 100 ne. Ba ƙarya ba ne, ingantattun irin masara da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke nan Samaru take fitarwa da sunan SAMMAZ, da irin haɗi na kamfanoni, suna iya kai wa haka a hannun wanda ya ba su duk abin da suke so a kan lokaci. Amma matsakaicin abin da manoman Najeriya suke samu bai wuce kimanin tan 2 a hekta ba, wato buhu 20, kuma waɗannan mutane ne da suka tashi a cikin noma. Sabon shiga ba shi da dalilin ɗora lissafinsa a kan abin da ya ninka nasu fiye da sau biyu.

Ga abin da hekta ɗaya take ci idan za a bi shawarar masana. Iri kilo 20 zuwa 25, a shuka da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da 25 tsakanin rami da rami. Taki kuwa, abin da ake ba da shawara a wannan yanki namu shi ne kilo 120 na sinadarin naitirojin da kilo 60 na kowane daga cikin sauran sinadaran biyu, wato fosfarus da fotash, wanda a aikace ya kama buhu 8 na kamfa mai lamba 15-15-15 da kusan buhu 3 na yuriya. Kamfa yana shiga ne a cikin mako biyun farko, yuriya kuwa a mako na huɗu zuwa na shida, a binne ta a gefen shukar lokacin da ƙasa take da danshi. Ka ninka wannan sau biyar, za ka ga kana maganar buhun taki sama da 50 kafin a zo kan haya, sharar gona, huɗa, maganin ciyawa, ƙodago, girbi, sussuka, buhunan zubawa da kuɗin mota. Ka je kasuwa ka tambayi farashin yau, ka tara duka, sannan ka raba jimillar da farashin buhun masara na lokacin kaka, ba na yanzu ba. Abin da ya fito shi ne yawan buhunan da dole ka samu kafin ka mayar da uwar kuɗinka. Idan adadin ya kusa 20 a kowace hekta, to aikin banza kake shirin yi, kuma ga bashi a wuyanka.

Abin da na fi gani ga sababbin manoma shi ne kuɗi ya ƙare musu a tsakiyar damina. Mutum ya kashe kaso mafi yawa a haya da huɗar babbar gona, sai lokacin taki na biyu ya zo aljihu ba komai, ya raba buhu uku a inda ake buƙatar goma sha biyar. Masara kuwa ba ta yafe yunwa, idan ta rasa abinci a lokacin da take shirin fitar da bunni, duk abin da aka zuba mata daga baya bai cika gyara ta ba. Hekta ɗaya da ta ƙoshi ta fi biyar masu yunwa amfani, kuma kuɗin ƙodagonta kashi ɗaya ne cikin biyar.

Akwai kuma jabu. Ana sayar da hatsin ci da aka rina da jan launi a matsayin ingantaccen iri, ana gauraya taki da abin da ba taki ba, ana sake wa maganin feshin da ya lalace kwalba. Ka sayi iri a leda mai ɗauke da shaidar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, daga dilan da yake da shago tsayayye wanda za ka iya komawa wurinsa, kuma ka karɓi rasit. Kafin shuka ka ƙirga ƙwaya 100 ka jera a jiƙaƙƙen buhu, ka riƙa yayyafa ruwa, bayan mako guda ka ƙirga waɗanda suka tsira. Wannan gwajin ba ya cin komai, amma yana iya hana ka shuka gona sau biyu.

Sannan tsutsar nan mai cin masara da ta shigo ƙasar nan a 2016 ta zauna daram. Tana ɓuya ne a cikin zuciyar shukar, inda sabon ganye yake fitowa, kuma alamarta ita ce ganye mai huda-huda da wani abu kamar dusa a tsakiya. Idan aka gan ta tana ƙarama aka yi feshi da sassafe ko da yamma, ana saita bakin famfon cikin zuciyar, ana cin ƙarfinta. Idan ta girma magani ba ya kama ta sosai. Wannan ma ya dawo da mu kan maganar Baba, domin wanda yake leƙa gona sau ɗaya a mako yakan tarar ta riga ta yi ɓarna.

Hajiya Mai Hatsi, Sabon Gari:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba na noma, saye da ajiye hatsi nake yi, amma mu ne muke ganin manomi a ranar da ya fi rauni. Malam, ka ce za a riƙa cirar rancen daga albashinka. Wannan yana nufin tun daga watan farko gidanka zai shiga matsi, kuma ranar da masararka ta iso, ga kuɗin makarantar yara, ga bashin mai shago, ga 'yan girbi suna jiran haƙƙinsu, ba za ka iya jira ba. Za ka kai ta kasuwa a Oktoba ko Nuwamba, lokacin da kowa ya kai tasa, a Giwa ko Soba ko Saminaka, dillali ya soka ya duba ya ce ba ta gama bushewa ba, ya rage maka farashi, ka biya la'ada da kuɗin dako da na mota, ka dawo gida kana mamakin inda kuɗin ya shiga.

A da mukan ce wanda ya iya ajiyewa zuwa bazara shi ne mai riba, kuma shekaru da yawa haka abin yake. Amma ko wannan ba tabbas ba ne. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗi warwas alhali taki bai sauko ba. Waɗanda suka cika sito da tsada suna jiran tashin kasuwa sun sayar ƙasa da yadda suka saya, manoma kuwa da yawa ba su mayar da kuɗin takinsu ba duk da cewa gonar ta yi kyau. Mai saye ya ji daɗi, ba na musu, amma kai da kake shirin zama mai sayarwa ya kamata ka san cewa hukunci ɗaya daga Abuja yana iya sauya lissafinka bayan ka riga ka shuka.

Ajiyar ma tana da nata sharuɗɗa. Masarar da ba ta bushe sosai ba, idan aka ɗinke ta a buhu, tana yin fumfuna, kuma masu haɗa abincin kaji, waɗanda su ne manyan masu saye, suna ƙin ta saboda gubar da fumfunar take haifarwa. Kada a shanya ta a ƙasa tsirara, a shimfiɗa tamfol. Buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ba ya shan iska yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, muddin ɓera bai huda shi ba. Ƙwayar maganin nan mai hayaƙi da ake jefawa a sito kuwa guba ce mai kisa, kada ka kuskura ka yi amfani da ita a ɗakin da yake haɗe da inda mutane suke kwana.

Matashin Manomi, Hunƙuyi:

Da izinin manya, ina ganin an tsorata Malam fiye da kima. Idan kowa zai jira sai babu haɗari, ba wanda zai riƙe fartanya. Ni shawarata ya bar masara ya jira rani ya yi tumatir ko albasa a fadama, a gefen Galma ko nan wajenmu, domin a ɗan fili kaɗan ana samun abin da hekta biyu ta masara ba za ta bayar ba, kuma ruwa a hannunka yake, ba jiran sama kake yi ba.

Ma'aikacin Gona, Samaru:

Ɗan'uwa, gaskiyarka ce cewa lambu yana da kuɗi, amma ga wanda bai taɓa noma ba ya fi masara haɗari nesa ba kusa ba. Ruwan yana hannunka ne idan kana da kuɗin fetur na injin ban-ruwa, kuma kai ma ka san abin da fetur yake ci yanzu. Tsutsar sharon ta share gonakin tumatir a jihar nan a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, kuma tana dawowa idan zafi ya shigo. Sannan tumatir ba ya jiran kasuwa, ranar da ya nuna dole a tsinke, ko kwando yana tsada ko yana arha. Mai masara yana iya ɗinke buhunsa ya jingine, mai tumatir ba shi da wannan damar. Lambu kuma aikin kullum ne, ba na ƙarshen mako ba. Idan ana neman abin da zai rage wa Malam nauyi, ni waken soya zan ambata, domin bai kai masara cin taki ba, takin sufa ya fi buƙata, kuma yana taimakawa wajen rage wuta-wuta a gonar da za a sa masara a shekara mai zuwa. Aibinsa shi ne idan aka yi jinkirin girbi kwanson yana fashewa ya zubar da 'ya'yan a ƙasa.

Malamin Makaranta, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na je kasuwa na yi lissafin da aka ce, kuma na ga rancen gaba ɗaya ba zai ɗauki hekta 5 ba ko da ban taɓa komai a ciki ba. Yanzu ina tunanin in ajiye maganar Soba da maganar rancen, in nemi hekta ɗaya a wajen Basawa ko Shika inda zan iya zuwa a kan babur bayan an tashi makaranta, in yi amfani da kuɗin adashin da zan kwasa, in raba gonar tsakanin masara da waken soya. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan yi da wanda zai taimaka mini da aikin. Baba, shin albashi zan yanka masa, ko kuwa kaso zan ba shi daga amfanin gonar?

Dattijon Dakace:

Malam, kowanne yana da inda yake ciwo. Mai albashi ba ruwansa da ko gona ta yi ko ba ta yi ba, mai kaso kuwa yakan kula da ita, amma rigima tana tashi ranar rabo idan ba a fayyace tun farko ko daga jimillar buhuna za a cire masa ba, ko kuwa bayan an fitar da kuɗin da aka kashe. A hekta ɗaya ni ba na ganin kana buƙatar ko ɗaya. Ka riƙa biyan kowane aiki da kansa, a yi jinga kafin a fara, huɗa da kuɗinta, shuka da kuɗinta, noman farko da maimai kowanne da nasa, kuma kada ka cika kuɗin sai ka zagaya ka ga aikin da idonka. Ka nemi maƙwabcin gona dattijo ka riƙa gaishe shi, idan za ka sayi maganin feshi ka sayo masa kwalba ɗaya, shi ne zai kira ka idan dabbobi sun shiga ko tsutsa ta bayyana.

Kuɗin adashin kuma kada ka kashe shi duka a farkon damina. Ka sayi takin zubi na biyu tun yanzu ka kulle a gida, ka ware wani abu don sake shuka, domin a nan Zariya ruwa yakan sauka a watan Mayu ya yaudari mutane su shuka, sannan ya ɗauke na kwanaki shukar ta ƙone. Ka saurari hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, take fitarwa a farkon shekara, ka kuma jira ƙasa ta jiƙu sosai. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka, har da man babur da abincin 'yan aiki. Idan Allah ya kawo amfanin kuma ya kai nisabi, ka tuna zakkar noman damina ɗaya ce cikin goma, a ranar girbi ake fitar da ita, saboda haka ka sa ta a lissafinka tun yanzu. Idan ka samu gonar, kafin ka biya ka sanar da ni, in akwai hali sai mu je tare in duba maka ƙasar.